Yaya Tsawon Sunan Shafin Intanet Ya Kamata Ya Kasance?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kano, kuma ina shirin buɗe shafin intanet. Dogon suna ya fi ko gajere?

Amsa: Hajiya, ƙa'ida ta yarda sunan da ke zuwa kafin .com ya kai harafi 63, amma mai saye ba zai haddace rabin wannan ba. Ki tsaya a kalma biyu, waɗanda idan kin faɗa wa mutum ta waya zai rubuta su daidai. Ki guji lambobi da karan ɗori, haka kuma kalmomi masu ƙ, ɗ ko ɓ, domin yawancin mutane k, d da b suke bugawa. Idan an riga ki kama sunan a .com, ki nema a .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen shafukan intanet ta Najeriya, take kula da shi.