Wane ƙarfe zan saya a wurin 'yan gwangwan don ƙera wuƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da wuƙaƙe a bakin kasuwa, amma sarowa nake yi. Yanzu na fara koyon ƙira wurin wani dattijo, ina so in fara fitar da nawa kafin Babbar Sallah. Jarina bai wuce naira 40,000 ba. Wane ƙarfe zan nema wanda ba zai cinye min kuɗi a banza ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Shawarata a taƙaice: ka nemi sifirin mota, wato faffaɗan nan na ƙarƙashin akori-kura ko bas, ka tsaya a kansa shi kaɗai har hannunka ya faɗa.

Dalili shi ne, wuƙa ba ta riƙe kaifi sai ƙarfenta na da isasshen sinadarin kabon. Yawancin sifirin irin ƙarfen da ake kira 5160 ne ko danginsa, kabon ɗinsa kusan kashi 0.6 cikin 100. Yana taurara idan an tsoma shi a mai, ba ya saurin karyewa, kuma yana haƙuri da kuskuren ɗan koyo. Ga shi ba ya wuyar samu: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko garejin bakanike na unguwarku. Da kilo ake sayarwa, falle ɗaya kuma zai ba ka wuƙaƙe da yawa. Sai dai ka goge tsatsar ka duba da kyau, musamman kusa da hujin tsakiya. Wanda ya riga ya karye a jikin mota ka bar musu, ƙila akwai tsagar da ido ba ya gani.

Tsohon magagari ma yana yin wuƙa mai kaifin gaske, don kabon ɗinsa ya fi yawa, amma yana da gautsi, wasu na arha kuma bayansu ne kawai mai tauri. Rodin gini kuwa, kada arharsa ta ruɗe ka; yi masa kallon ƙarfen koyon bugu. Wanda aka yi wa farin rufi irin na kwanon rufi ko bututun ruwa, kada ya kusanci wutarka sam, hayaƙinsa yana kwantar da mutum.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne gwaji kafin biya. Ka sa a ɗora ƙarfen a kan injin gurza. Idan tartsatsin ya fito dogo, miƙaƙƙe, babu rassa, kabon ya yi kaɗan. Idan yana fashewa a ƙarshe yana rassa kamar taurari, da alamar alheri. Daga nan sayi falle ɗaya tak. A maƙera ka yanki guntu kamar ɗan yatsa, ka zuga shi har mayen ƙarfe ya daina kama shi, wajen digiri 770 ke nan, ka ƙara masa wuta kaɗan, ka tsoma a man gyaɗa mai ɗumi. Ja magagari a kai. In ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, ya taurara. In magagarin ya ci shi, ƙarfen bai yi ba, ka tsira da kuɗinka. In kuwa ya taurara, koma wurin mutumin ka kwashe sauran fallayen ɗaurin nan, domin galibi 'yan uwan juna ne, halinsu ɗaya a wuta.

Kada ka manta, wuƙar da ta fito daga cikin man, gautsi gare ta. Sai ka goge ta, ka ɗumama ta a hankali har launinta ya koma ruwan zuma, wajen digiri 200.

Batun kuɗi kuma, ƙarfe ne mafi arha a cikin wuƙa. Gawayi, dutsen wasa, ƙota, kube da wuninka su ne masu cin jari. Ni ba zan so ƙarfe ya ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka ba. Kuma ka ci gaba da sarin da ka saba, shi ke ciyar da kai yanzu.

Wuƙaƙe uku na farko kada ka baje su a faifai. Kai wa mahauci ko mai tsire da kuka saba, ya yi mako guda yana aiki da su, sannan ka tambaye shi sau nawa yake wasa su a wuni. Da amsarsa za ka yanka farashi.