Maigida, me za mu yi da wannan tsohon zanen?

Jiya muna wanke kwanon siminti ka tambaye ni me ya sa na matsa sai an nemo tsohon zanen layin nan, alhali gaban shaguna da lambatu kawai aka ba mu gyara. To matso kusa, ɗana.

Sabon Garin Zariya ba irin Birni ba ce. Da layin dogo ya ratsa Zariya, wanda ya kai Kano a 1911, sai Turawa suka yanka unguwar a takarda, layi-layi, kafin a yi gini. Awonsu kuwa da ƙafa ne. In ka ga 50 da 100 a jikin fuloti, wajen mita 15 da 30 ke nan. Na taɓa ganin wanda ya ɗauka mita ce, ya ja igiyarsa har tsakar gidan maƙwabci, sai da mai unguwa ya sa baki.

Amma abin da ya fi kai ni ga takardar nan ruwa ne. Ka ga siririn layin da ya bi bayan filaye? Lungu ne da aka bari don masu kwasar bahaya a zamanin bokiti, ruwan gidaje ma nan yake bi. Jeka duba shi yau: wani ya kafa shago a ciki, wani ya ja katanga. Ruwa kuwa babu ruwansa da takardar ciniki, Agusta na yi zai nemi tsohuwar hanyarsa. Ga titi ya tashi, ciko kan ciko, kwalta kan kwalta, har daɓen shagon da aka zana sama da hanya ya koma rami. In muka haƙa lambatu ba mu san wannan ba, mun yi wa masu shago rijiya a bakin ƙofa, da kuɗinsu.

A cikin Birni kada ka wahalar da kanka neman takarda. Magina irin su Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, a ƙasa suke shata gini. Can sai ka dubi inda indararo ya juya baki, ka kuma gaida dattawan lungu ka tambaye su.

Gobe da sassafe ka zo da igiya da tiyon nan na daidaita tsayi, daga bakin kwalbati za mu fara. Kuma goge hannunka kafin ka taɓa takardar, ta aro ce.