Amsa ga mai tambaya kan karatun forensik

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. To, ƙanwata, tun jiya na saurari muryarki, sai yanzu na samu sukuni. Na ce bari in amsa a nan guruf, don na san akwai masu irin wannan tunani da suka yi shiru. Zan ɗan ja ta, ku yi haƙuri da ni.

In na fahimce ki daidai, jami'arku tana ba da forensik, wato kimiyyar binciken laifi, a matsayin ƙaramin fanni da ake ɗora wa babban digiri. Kina so ki san ko zai kai ki aiki a ɗakin gwaje-gwajen masu bincike, kuma kin rasa wanda za ki riƙe babba tsakanin kemistiri da nazarin laifuka.

Gaskiya ɗaya ce, shi kaɗai ba zai kai ki ba. Ƙaramin fanni galibi kwas biyar ne zuwa bakwai, kiredit 15 zuwa 24 haka. A ciki za a nuna miki yadda ake killace wurin da aka yi laifi, yadda ake ɗaukar zanen yatsa, ɗan abu kan jini da DNA da guba, sai dokar shaida a kotu. Ɗanɗano ne kawai. Wanda zai ɗauke ki aiki babban digirinki zai fara dubawa. A Amurka misali, ƙa'idar da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta shimfiɗa wa masu gwajin DNA ta ce sai mutum yana da digiri a bayoloji ko kemistiri ko forensik ɗin kansa, kuma sai ya nuna ya yi kwasa-kwasan kimiyya da suka shafi gwajin DNA, da kuma ƙididdiga. Kin ga wanda ya yi nazarin laifuka zalla, ko da ya haɗa da ƙaramin fannin, wannan ƙofa a rufe take gare shi. Saboda haka in labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, kike so, ki riƙe kemistirinki da hannu biyu. Ni shi na yi, kuma abin da ya fi yi min amfani daga baya shi ne kwas ɗin na'urorin tantance sinadarai, wanda a lokacin nake ta ƙunƙuni a kansa. Na'urar da ke gano ƙwaya a cikin jini ko fetur a tokar gobara, ita ce dai GC-MS ɗin da ɗaliban kemistiri ke gudu.

Af, kafin in manta, wata ta taɓa tambayata a nan ko da ƙaramin fannin nan za ta riƙa binciken gawa. A'a. Wannan aikin likita ne, sai an gama karatun likitanci an ƙware a kai.

To me ya sa ban ce ki bar ƙaramin fannin ba? Saboda akwai abin da yake koyarwa wanda kemistiri ba ya kulawa da shi. A ajin kemistiri in kin yi kuskure maki kike rasawa. A nan in kin yi kuskure mutum ne zai kwana a kurkuku. Ranar farko za a gaya muku maganar Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin gwaji na 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, cewa duk inda abu biyu suka haɗu sai ɗaya ya bar wa ɗaya alama. Maganar tana da daɗin ji. Amma wahalar tana wajen tabbatar wa alƙali cewa alamar da kika gwada ita ce aka ɗauko daga wurin, ba a canza ta ba, ba ta gurɓata ba. Wa ya ɗauka, ƙarfe nawa, wa ya miƙa wa, wa ya sa hannu, a ina ta kwana. Na tuna a wani gwaji na aji, mun yi aiki mai kyau wallahi, sakamakonmu ya fito daidai, malamin ya ba mu sifili. Dalili? Ɗaya daga cikinmu bai rubuta lokaci a jikin ambulan ba. Ya ce lauyan wanda ake tuhuma a nan zai tsaya, ba zai ma kai ga sakamakon ba. Mun ji haushi ranar, amma har yau ban sake mantawa ba.

Sannan yana koya miki shakka, kuma ni a ganina wannan ne ribarsa mafi girma. Ki duba yadda aka fara amfani da DNA a binciken laifi. Alec Jeffreys ya gano hanyar tantance mutum da DNA a jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. Da 'yan sanda suka kawo masa batun kisan wasu 'yan mata biyu a 1986, abin da gwajin ya fara yi shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifi da bakinsa. Daga baya aka kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, aka yanke masa hukunci a 1988. Ga kuma ɗaya ɓangaren. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, ƙwararrun FBI suka ce zanen yatsan da aka samu na wani lauya ne a Amurka, Brandon Mayfield. Ya yi kusan mako biyu a tsare kafin 'yan sandan Sifaniya su nuna na wani mutum ne daban. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto cewa, in an cire DNA, yawancin hanyoyin nan, irin su kwatanta gashi da shatin cizo, ba a tabbatar da ingancinsu a kimiyyance yadda ya kamata ba. Idan kwas ɗin da jami'arku ke bayarwa bai taɓo irin waɗannan ba, to tallan fim kawai ake yi muku.

Maganar fim kuwa, ki cire ta daga ranki. Ba bindiga, ba bin ɓarawo da mota. Yawancin yini rubutu ne da jiran na'ura, wani lokaci a kira ki kotu lauya ya yi ta juya ki.

Duk wannan ban ce sai ɗan kimiyya kaɗai zai amfana ba. Mai karatun lauya, da mai kwamfuta da ke son binciken wayoyi, da mai akanta da ke son bin sawun kuɗin sata, duk yana yi musu rana.

Yanzu abin da nake so, ki je sashen ki tambaya: kwas nawa ne ake shiga labo a taɓa kaya da hannu? Su wa ke koyarwa, sun taɓa ba da shaida a kotu? Akwai damar zuwa koyon aiki? Kuma ki lura kada jadawalinsa ya ci karo da kwas ɗin ƙididdiga, in dole sai an bar ɗaya, ki bar forensik ɗin. Ki ɗauko hoton jerin kwasa-kwasan ki turo min ta gefe, in sha Allahu da daddare zan duba. Cajina ya kusa ƙarewa, sai an jima.