Kafin ka canza kyamara, duba lambobin da ke jikin hotonka

Malam, ka ce ka sayi kyamarar DSLR, irin wadda ake canza wa gilashi, tare da gilashin 18-55mm da ake haɗa ta da shi, amma hotunan da kake ɗauka a cikin ɗaki suna fita dishi-dishi, har kana tunanin canza ta. Shawarata ita ce ka dakata tukuna, domin a tsawon shekarun da na yi ina wannan sana'a, da wuya a kawo mini irin wannan ƙorafi a tarar laifin kyamarar ne.

Ka buɗe ɗaya daga cikin hotunan da suka lalace, ka danna maɓallin bayanai, za ka ga lambobi uku: faɗin ƙofar haske mai harafin f, saurin ƙiftawar kyamara, da kuma ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar. Ina kyautata zaton saurin zai nuna 1/15 ko 1/20 na daƙiƙa, wato saboda ƙarancin haske kyamarar ta daɗe a buɗe, har motsin hannunka ya shiga cikin hoton. Ƙa'idar da muke bi ita ce kada saurin ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin, kuma tunda yawancin kyamarorin masu farawa suna ninka tsawon da 1.5 ko 1.6, idan kana kan 55mm kada ka sauka ƙasa da 1/100. Tsarin hana girgiza, wanda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR, yana rage rawar hannu ne kawai, ba ya tsayar da yaron da ke juya kai. Wannan sai 1/250, mai gudu kuwa 1/500 zuwa sama.

To daga ina za a samo hasken da zai ba da wannan sauri? Gilashinka idan ka zuƙo shi zuwa 55mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6, saboda haka ISO ne mafita, kuma a nan ne masu koyo suka fi jin tsoro don an ce musu kada su wuce 100. Duk lokacin da ka ninka ISO, ka samu damar ninka sauri. Hoto a ISO 1600 zai ɗan yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, amma ana iya rage hakan a kwamfuta, alhali hoton da ya girgiza da wuya a iya gyara shi.

Ka juya dabaran da ke saman kyamarar daga Auto zuwa Av idan Canon ce, ko A idan Nikon ce, ka zaɓi faɗin ƙofar da kanka, kana lura da saurin da kyamarar ta ba ka. Ban ga dalilin da mai farawa zai tilasta wa kansa M, wato saita komai da hannu, ba, ko da yake wasu na ɗaukar hakan a matsayin alamar gwaninta. Sannan ka hana kyamarar zaɓar wurin saiti da kanta, wato inda hoton zai fi fita tas, domin ta fi kama abin da ya fi kusa; ka bar ɗigo guda, ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai, ka danna maɓallin rabi har ta kama, kana ka ƙarasa a hankali, gwiwar hannunka manne da jiki.

Filashar da ke tashi a saman kyamara kuwa takan baje fuska, ta bar baƙar inuwa a bango. Gara ka matsar da mutum kusa da taga, hasken ya zo masa ta gefe. Idan daga baya ka ga lallai sai ka yi sayayya, gilashin 50mm f/1.8 za ka nema, wanda ke shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, ya kuma narkar da bayan hoto. Sai dai a wannan faɗi kuskuren saiti kaɗan ma yana bayyana, don haka ka fara ƙwarewa a kan ɗigon nan guda da gilashin da ke hannunka.