Busasshiyar allura a kafaɗa: hannun wa ya dace?

Tambaya: Likita, ni tela ne a Gusau. Ciwon wuya da kafaɗa ya hana ni zama kan keke. Likitan gashin ƙashi (fisiyo) ya ce zai soka mini allura wadda ba magani a cikinta, hankalina bai kwanta ba. Wani mai kemis a unguwarmu kuma ya ce zai yi mini da araha. Akwai haɗari?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Allurar siririya ce, kaurinta milimita 0.25 zuwa 0.30, ba rami a cikinta. Ana laluba kullin da ke cikin tsokar mai ciwo, a goge fata, a soka, tsokar ta harba sannan ta saki. Wurin zai yi tsami kwana ɗaya zuwa biyu. Sauƙin na ɗan lokaci ne. In ba ka gyara tsayin kujerarka kana miƙewa duk minti 30 ba, kullin zai dawo.

Maganar mai kemis kuwa, kul! Kullum muna fama da masu cewa tunda ba magani a allurar, ba abin da za ta ɓata. To ina tsininta ya dosa? Kan huhu yana leƙowa santimita 2 zuwa 3 sama da ƙashin da ya gitta gindin wuya, kusa da inda ciwonka yake. Wanda ya koya yakan damƙo tsokar ya ɗaga ta, ya nufi yatsansa da allurar, nesa da ƙirji. Wanda bai koya ba sai ya luma ta ƙasa kai tsaye, ya huda rigar huhu, iska ta taru, huhun ya lotsa. Siririn mutum ya fi shiga wannan haɗari. Wasu ma allurar sirinji suke ɗaukowa, mai yankan nama, wasu su maimaita allura ɗaya wai sun goge ta da sifirit. Ciwon hanta da ƙanjamau ta nan suke bi. Don Allah wace araha ce wannan?

Ka nemi ganin lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashin ƙashi rajista, ka tambaya ko ya yi horon wannan aikin, a buɗe sabuwar allura a gabanka. In kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, ko kana da ciwon suga, ka faɗa tun farko.

In ka ji sukar ƙirji, busasshen tari ko numfashi na sarƙewa bayan an yi, ko da sa'o'i sun wuce, kada ka jira gari ya waye. Ka wuce asibitin tarayya na FMC Gusau, ka faɗi inda aka soka, a yi hoton ƙirji.