Hukuma ta yi jinkirin sanar da mu hatsarin tashar nukiliya: zan iya maka ta a kotu?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune da iyalina kimanin kilomita 25 daga wata tashar wutar nukiliya. An samu matsala a tashar, amma sai bayan kwana biyu muka ji daga bakin hukuma, lokacin jita-jita ta riga ta cika gari. Na kwashe maiɗakina mai juna biyu da yara muka yi kwana goma a wani gari, na rasa albashin kwanakin. Ba a taɓa raba mana ƙwayar aidin da ake sha in tururin nukiliya ya fita ba, ba a taɓa gaya mana inda za mu nufa in abu ya ɓaci ba. Na ji akwai yarjejeniyar duniya da ta wajabta sanar da jama'a nan take. Ina so in maka gwamnati a kotu, in kuma kai ƙararta IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kamfanin tashar ya aiko mana da takardar "tallafi" mu sa hannu. Me za ki ba ni shawara?

Amsa: Malam, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya. Ba ka faɗi ƙasar da kake zaune ba, ba ka kuma ce ko an tabbatar burbushin nukiliya ya fita wajen shingen tashar ba, alhali kusan komai a kan waɗannan biyun ya rataya. Don haka bayanina na gama-gari ne. Kafin ka sa hannu a wata takarda ko ka shigar da ƙara, lauya mai lasisin aiki a ƙasar ya duba maka.

Yarjejeniyar da ka ji labari akwai ta, sai dai ba domin kai aka rubuta ta ba. An amince da ita ranar 26 ga Satumba 1986, wata biyar bayan fashewar tashar nukiliya ta Chanobil a tsohuwar Tarayyar Sobiyet. A wancan hatsarin na 26 ga Afrilu, sai da na'urorin tashar Forsmark ta ƙasar Suwidin suka gano tururin nukiliyar ranar 28 ga wata kafin Tarayyar Sobiyet ta fito ta amsa. Wannan ɓarakar aka so toshewa. Abin da yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasa shi ne ta sanar da IAEA da ƙasashen da tururin zai iya shafa, idan hatsarin ya tsallake iyaka ko yana iya tsallakewa. Alkawari ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Ɗan ƙasa ba ya cikin masu hurumin ƙara a ƙarƙashinta, kuma IAEA ba kotu ba ce: ba ta sauraron ƙarar mutum, ba ta cin tarar gwamnati, ba ta yanke diyya. Wasiƙarka in ta isa hedikwatarta a Biyana, iyakarta a karanta. Kada ka kashe kuɗi da lokaci a wannan hanyar.

Haƙƙinka na a sanar da kai, in akwai shi, cikin dokar ƙasar da kake zai fito: dokar kula da nukiliya, dokar agajin gaggawa, ko dokar 'yancin samun bayanai. A ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Aarhus ta 1998 kan haƙƙin jama'a na samun bayanan muhalli, sashe na 5 ya wajabta wa hukuma ta fitar da duk bayanin da ke hannunta ba tare da jinkiri ba, idan lafiyar jama'a na fuskantar barazana ta kusa. A Tarayyar Turai akwai umarnin Euratom, ƙungiyar makamashin nukiliya ta Turai, na 2013 da ya ce a riƙa wayar da kan mazauna kusa da tasha tun kafin hatsari, a kuma sanar da su nan da nan in ya faru. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ma, a shari'ar Guerra da Italiya ta 1998, ta samu gwamnati da laifin rashin faɗa wa mutanen Manfredonia haɗarin masana'antar sinadarai da ke kusa da su. To amma lura: wannan kotun ba ta karɓar ƙara sai an gama da kotunan cikin gida, abin da kan ci shekaru, kuma diyyar da take bayarwa a irin wannan ba ta da yawa.

Nisanka ma abin dubawa ne. Kowace ƙasa tana shata da'irar da ake wa shirin gaggawa da rabon aidin. A Amurka mil 10 ne don kwashe mutane, mil 50 don sa ido kan abinci da ruwa. Faransa ta faɗaɗa tata daga kilomita 10 zuwa 20. Mai zaune a kilomita 25 zai iya tarar da cewa bisa doka yana wajen da'irar, ba wanda aka wajabta wa ya ba shi ƙwaya ko taswirar hanya. Ban ce hakan daidai ne ba. A hatsarin tashar Fukushima ta Japan a 2011, cikin kwana biyu aka matsa da umarnin ƙaura daga kilomita 3 zuwa 10 zuwa 20, iska kuma ta kai burbushin har bayan nan ta arewa maso yamma. Amma abin da ya kamata daban, abin da doka ta wajabta daban, kotu kuwa na biyun take dubawa.

A ce ma an saɓa doka wajen sanarwa. Kafin kotu ta sa gwamnati biyan diyya, galibi sai ka tabbatar da abu uku: akwai wajibin da doka ta ɗora mata game da kai, ta yi sakaci da shi, kuma sakacin ne ya jawo maka asarar da kake nunawa. Na ukun ne ke kayar da mutane. A Japan, an riƙe hasashen na'urar SPEEDI mai nuna inda iska za ta kai burbushi, ba a fara fitar da shi ba sai 23 ga Maris 2011, kwana goma sha biyu bayan hatsarin, bayan wasu mutanen garin Namie sun gudu zuwa yankin da gurɓatar ta fi tsanani. Kwamitin binciken majalisar dokokin ƙasar ya ce a 2012 bala'in aikin ɗan Adam ne. Duk da haka, ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta wanke gwamnati daga biyan diyya, bisa hujjar cewa ko da ta tilasta wa kamfanin ƙara kariya, igiyar ruwan tekun (tsunami) da ta afka wa tashar ta fi wadda aka yi hasashe, da wuya a ce an kauce wa hatsarin. A Faransa kuma, masu ciwon tayirod, wato ƙullin nan na maƙogwaro, sun kai ƙara a 2001 kan yadda aka rage girman haɗarin gajimaren Chanobil a bayanan hukuma. Bayan shekara goma, a Satumba 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rufe shari'ar Farfesa Pierre Pellerin, wanda ke shugabantar hukumar kariya daga tururin nukiliya ta ƙasar a lokacin hatsarin, domin ba a iya danganta ciwon da gajimaren a kimiyyance ba. Waɗannan mutane ne masu ƙungiya da lauyoyi da likitoci. Kai kaɗai, da asarar albashin kwana goma, ban ga hikimar shiga wannan fagen ba.

Inda kuɗi yake, in akwai, wurin kamfanin da ke gudanar da tashar ne. Yarjejeniyar Paris ta 1960 da ta Biyana ta 1963, da dokokin ƙasashe da yawa da suka bi sahunsu, sun tattara alhakin ɓarnar nukiliya kan mai gudanar da tasha shi kaɗai. Ba ka bin wanda ya ƙera injin ko ɗan kwangilar gyara. Sauƙin da ke ciki shi ne ba sai ka nuna kamfanin ya yi sakaci ba. Ya isa ka nuna hatsari ya faru kuma shi ya jawo asararka. Tsadar wannan sauƙin ita ce a ƙasashe da yawa akwai iyakar abin da za a biya, kuma kotun ƙasar da hatsarin ya faru ce kaɗai ke da hurumi. Tun 1 ga Janairu 2022, a ƙasashen yarjejeniyar Paris, mafi ƙarancin alhakin kamfani yuro miliyan 700 ne. Gyaran da aka yi wa ta Biyana a 1997 ya sa miliyan 300 na kuɗin lissafin Asusun Lamuni na Duniya. Japan da Jamus ba su sa iyaka ba. Wasu ƙasashen ba su shiga ko ɗaya ba, nan sai dokar gida.

Nan ne matsalarka ta ainihi take: kai ka yanke shawarar tashi, ba umartar ka aka yi ba. Sababbin nassoshin yarjejeniyoyin biyu sun amince da biyan kuɗin matakan rigakafi, har ma inda burbushi bai fita ba amma akwai barazana mai tsanani ta kusa, da sharaɗin matakin ya dace da hankali, kuma a samu amincewar hukuma inda dokar ƙasa ta nemi hakan. Kamfani zai ce tsoro ne ya kore ka, ba hatsari ba. Amsarka ita ce shirun kwana biyu da hukuma ta yi shi ya sa mai hankali, da mace mai ciki a gida, ba zai zauna jira ba. Hujja ce mai ƙarfi a ganina, amma ban ce za ta ci ba. Dubi bambancin da Japan ta yi: wanda aka umarta ya tashi an yanka masa yen 100,000 duk wata na ɓacin rai kaɗai, wanda ya tashi don kansa daga yankunan da aka lissafa kuwa, ƙa'idar Disamba 2011 ta ba shi yen 80,000 sau ɗaya, yara da masu juna biyu yen 400,000. Ka ga cikin maiɗakinka yana da nauyi a lissafi, kada ka bar shi a baya. Kuma matakin da aka ba lamarin a ma'aunin INES na girman hatsarin nukiliya, mai hawa 1 zuwa 7, bai yanke hukuncin diyya ba. Ma'aunin bayani ne kawai, yana kuma canzawa. Fukushima a hawa 4 aka sa ta a kwanakin farko, sai 12 ga Afrilu 2011 ta kai 7.

Takardar "tallafi" kuwa, kada ka sa mata hannu tukuna. Kamfanin da ya yi gum lokacin da ake neman bayani amma ya yi saurin aiko da takardar sa hannu, dole a karanta takardarsa da idon basira. Nemi jimlar da ke cewa abin da aka ba ka shi ne biya na ƙarshe, ko ka yafe duk wata da'awa ta yanzu da ta gaba, ko ka sa hannu a madadin yara. Ciwon tayirod da aka gani a yaran yankin Chanobil sai bayan shekara huɗu zuwa biyar ya fara yawaita. Wanda ya yafe gaba saboda kuɗin mota da masauki ya sayar da abin da bai san darajarsa ba. In ana so ka karɓa, a rubuta ƙarara cewa biya ne na wucin gadi kan kuɗin ƙaura da albashi, bai shafi lafiyar kowa ba, har da jaririn da ke ciki.

Sauran aikin sananne ne. Tara rasit na mota da masauki da asibiti, wasiƙar wurin aiki mai nuna kwanakin da aka yanke maka, da katin awon ciki. Rubuta, tun kana tunawa, inda kowannenku yake awa bayan awa a kwanakin farko, domin da shi ake ƙiyasta yawan tururin da mutum ya sha. Ajiye hoton kowace sanarwar hukuma da lokacin da ta fito. Sannan ka aika buƙatar bayani a rubuce ga hukumar kula da nukiliya: ƙarfe nawa kamfanin ya sanar da ita, me na'urorin awo na wajen shinge suka nuna, wa ya yanke shawarar jinkirta sanarwa, me shirin gaggawa ya tanadar wa yankinku. A ƙarƙashin Aarhus wata ɗaya gare su su amsa, ana iya ƙarawa zuwa biyu. Wannan amsar ce za ta nuna ko kana da shari'a ko babu. In sun ƙi, ƙarar tilasta musu fitar da bayani ta fi ƙarar diyya sauƙi da arha nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke sa hukuma ta gyara shirinta, musamman in maƙwabta suka haɗu suka shigar tare.

Kula da wa'adi. A sababbin nassoshin shekara 30 ne ga rai da lafiya, shekara 10 ga sauran asara, amma akwai gajeren wa'adi na kimanin shekara 3 daga ranar da ka san asarar da wanda ya jawo ta. Asarar albashinka ka riga ka san ta, don haka ka ɗauka lissafin ya fara. Tattaunawa da kamfani ba lallai ta dakatar da wa'adin ba, sai in doka ta ce haka ko sun yarda a rubuce.

Shawarata ka fara da rubuta wa kamfanin buƙatar biya mai lissafi dalla-dalla, in bai gamsar ba ka nemi sasanci. Japan ta buɗe cibiyar sulhu ta musamman a Satumba 2011, ba a biyan kuɗin shigar da buƙata, kuma dubban mutane sun samu biya ta nan ba tare da shiga kotu ba. Tambayi lauyanka ko ƙasarku tana da makamanciyarta, ko ofishin karɓar koke-koken jama'a. Kotu tana nan in sulhu ya ci tura.

Batun aidin kuma, kada ɓacin rai ya sa ku saya ku sha da kanku. Tayirod kaɗai yake karewa, daga aidin mai tururi kaɗai, kuma amfaninsa in an sha shi dab da zuwan tururin ko cikin 'yan awoyi bayansa ne. Yanzu lokacinsa ya wuce. Maiɗakinka ta gaya wa likitan awonta ranakun da abin ya faru da nisan gidanku daga tashar, a rubuta a fayil ɗinta, ku karɓi kwafi.