Amsa ga mai tambaya kan (2x³y²)² × 3x ÷ 6x⁴y

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce ka sauƙaƙa wannan lissafi ka sami x³y³, amma amsar da ke bayan littafi 2x³y³ ce, kana neman inda 2 ɗin ya ɓace. A matakin farko ya ɓace. Fawar da ke wajen baka, wato ƙaramar lambar nan ta sama, ta shafi duk abin da ke ciki, har da lambar da ke gaban haruffan. Wato (2x³y²)² shi ne 2x³y² sau 2x³y², ya ba ka 4x⁶y⁴. Kai kuwa ka ninka fawar x da ta y kowacce sau biyu, ka bar 2 ɗin da ke gaba yadda yake. Daga nan hanya a miƙe take: sau 3x ya zama 12x⁷y⁴, ka raba da 6x⁴y ya rage 2x³y³.

Na daɗe ina koyar da 'yan aji huɗu na sakandare da masu shirin WAEC da NECO, kuma abin da ke damuna shi ne yadda yara ke haddace dokokin indisis, wato dokokin fawa, kamar karatun allo, ba tare da sanin daga ina suka fito ba. Lambar nan ta sama ƙidaya ce kawai: x³ na nufin x sau x sau x. In ka ninka x³ da x², ka jera x guda biyar, shi ya sa ake tara fawa. In ka raba, na sama da na ƙasa suna soke juna, shi ya sa ake debewa. Duk ranar da doka ta shige maka duhu a ɗakin jarrabawa, warware haruffan a gefen takarda ka ƙirga.

Da wannan ne ma za ka gane abin da ya sa x⁰ yake 1. Raba x³ da x³: komai ya soke, amsa 1, doka kuma ta ce x³⁻³, wato x⁰. Sharaɗi dai kada x ya zama sifili. Haka x² ÷ x⁵ ke barin x uku a ƙasa, 1/x³, wanda ake rubutawa x⁻³. Don haka 2⁻³ ɗaya bisa takwas ne, ba −8 ba. Ka kuma kula da 3x⁻²: x kaɗai ke sauka ƙasa, 3 na nan a sama, amsa 3/x².

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne wajen tarawa. x² + x³ ba x⁵ ba ne, dokokin nan na ninkawa da rabawa ne kawai. Sa x ya zama 2 ka gani: 4 da 8 sun ba da 12, shi kuwa 2⁵ 32 ne.

Wannan gwajin da lamba shi nake so ka mayar al'ada, musamman a JAMB inda akan sa amsar kuskure cikin zaɓi. A tambayarka, in x da y duka 1 ne, asalin lissafin ya ba da 2, taka amsar ta ba da 1, ka ga nan take da ka kama kanka. Sai dai 1 ba ya tona kuskuren fawa, don haka ka ƙara gwadawa da x = 2, y = 1: asalin lissafin da amsar littafi duk su ba ka 16.

Gwada (3a²b)³ ÷ 9a⁴b ka turo mana matakanka ɗaya bayan ɗaya, in duba maka. Allah ya ba da sa'a.